Daidaita zafi a sashen fasa mai da katalizo

A matatar mai, bayan an fid da isansi da kananzir da gazuwal, akwai saura mai nauyi da kan rage. Shi ne ake fasawa da katalizo, wato wani gari mai laushi wanda iska ko tururi kan sa ya kwarara tamkar ruwa. An soma aiki da wannan dabara a Baton Ruj ta Amurka a 1942, kuma matatar SORAZ ta Damagaram, wadda aka buɗe a 2011, tana da irin wannan sashe. Abin da muke son mu nuna shi ne, sashen da kansa yake samar da zafin da yake bukata, kuma a nan wuyar sarrafa shi take.

Fasa mai yana shan zafi. Gari mai zafi yakan gamu da mai a gindin wani dogon bututu, su hau tare cikin ƴan daƙiƙoƙi, su fito da zafin wajen digiri 520. A hanya wani gawayi da ake kira kok yakan lulluɓe garin, ya dakushe shi. Sai a kai shi tanderu a hura iska, kok ya ƙone, gari ya koma bututu da wajen digiri 700. Ke nan kok ɗin da ke ɓata gari shi ne makamashin sashen, kuma nauyinsa wajen kashi 5 cikin 100 ne na man da aka zuba.

Ɗalibanmu sukan ɗauka cewa in tanderu ya ƙara zafi, fasawa za ta ƙaru. Ba haka ba ne. Akwai bawul da ke tsare zafin bakin bututu. In gari ya zo da zafi fiye da kima, kaɗan ya wadatar, sai bawul ya tsuke. Garin da ke zagayawa ya ragu, isansi ya ragu, kowace ƙwayar gari ta ɗauki kok mai yawa, tanderu kuma ya sake hawa. In aka bar abin ya zarce digiri 750, zafi da tururi suna rusa ziyolit ɗin da ke cikin garin, kuma wannan ɓarna ba ta gyaruwa.

Saura mai nauyi ya fi jawo matsalar, don ya fi yin kok. Magani ɗaya shi ne a rage iska: karbon da ya ƙone sarai ya zama CO2 yana ba da kilojul 394 a kowane mol, wanda ya tsaya a CO kuwa wajen 110 kawai. Sai a ƙone CO ɗin a waje, a sami tururi. Wani maganin, wanda a ganinmu ya fi ba ma'aikaci sararin motsi, shi ne na'urar sanyaya gari da bututan ruwa.

In man ya yi sauƙi ƙwarai, kok ba ya isa, tanderu ya huce, sai an fesa masa mai kai tsaye. Wannan ma yana cin garin.