Jan kala ba shi ne ingantaccen iri ba

Da zarar an yi ruwan shuka, kasuwannin ƙasar Rano da Kibiya sukan cika da ledojin masara mai launin ja ko ruwan hoda, mai sayarwa yana rantsuwa cewa daga Zariya aka kawo ta. Manomi daga Zurgu ya ga kala, ya ji farashi da sauƙi, ga ƙasa ta jiƙa tana jira, sai ya zaro kuɗi. Wani lokacin abin da ke cikin ledar nan hatsin tuwo ne aka tsince aka shafa wa kala. Kamfanonin iri na gaskiya suna cuɗa irinsu da maganin ƙwari da na ruɓewa, shi ke ba shi launi, launin nan kuma shi 'yan damfara suke kwaikwayo don ba ya cin ko sisi.

Ba a gane cutar sai an makara. Tsiro ya fito jefi-jefi, an riga an zuba taki mai tsada, an biya 'yan ƙwadago, lokacin sake shuka ya wuce. Abin da ya fi wannan ciwo shi ne, wanda aka cuta sau ɗaya yakan rantse shi da irin zamani har abada, alhali bai taɓa shuka shi ba.

Ingantaccen iri kuwa akwai shi, kuma ba daga nesa yake zuwa ba. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru da ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ita ke fitar da masarar SAMMAZ, dawar SAMSORG, gyaɗar SAMNUT da waken SAMPEA, tare da cibiyoyin IITA da ICRISAT waɗanda dukansu suna da tasha a Kano. Dattawa ba su manta da 1975 ba, shekarar da cutar kuturtar gyaɗa ta cinye gonakin Arewa. Gyaɗar SAMNUT 24 da aka fitar a 2011 tana jure wa wannan cuta, tana kuma nuna cikin kamar wata uku. Mai gonar da wuta-wuta ta addaba, akwai waken SAMPEA 10 da aka samar dominsa. A ƙarshen 2019 aka amince da SAMPEA 20-T, mai kare kansa daga tsutsar da ke cin fure da kwanson wake, abin da ke rage yawan feshi sosai. Shi wannan an sauya masa ƙwayar halitta ne, mutane na muhawara a kansa, don haka haƙƙin mai saye ne a gaya masa abin da yake saye.

To, ta yaya za ka kare kanka, malam manomi? Hukumar kula da iri ta ƙasa, NASC, wadda dokar 2019 ta ƙara wa ƙarfi, ta fito da tsarin SEEDCODEX: wata 'yar takarda a jikin leda da ake kankarewa kamar katin waya, a tura lambar ta saƙon tes, amsa ta dawo ko irin na gaske ne. Ledar da ba sunan iri, ba sunan kamfani, ba ranar da aka gwada shi, ka bar wa mai ita kayansa. Wanda aka buɗe ana aunawa da kwano ma haka. Ka kuma karɓi rasit, domin in ta ɓaci shi ne shaidarka a gaban malamin gona na hukumar aikin gona ta Jihar Kano, KNARDA.

Sai gwajin da ba ya buƙatar waya. Ƙirga ƙwaya 100, ka jera a jiƙaƙƙen buhun algarara ko yashi a inuwa, kana yayyafa ruwa har mako guda. In abin da ya tsiro bai kai 80 ba, kada ka damƙa masa gonarka. Amma fa wannan gwaji sai wanda ya sayi iri tun cikin bazara zai iya yin sa. Mai saye ranar shuka ba shi da wannan mako. Shi ya sa ya fi kyau manoman unguwa ɗaya su haɗa kuɗi tun watan Afrilu, su tura mutum biyu wurin dillalin da ke da rajista, a sayo a raba.

Akwai kuma kuskuren da ba ruwan ɗan damfara a ciki. Masara mai aure, in ka ɗebi iri daga amfaninta ka sake shukawa baɗi, ba za ta ba ka abin da ta ba ka bana ba, dole kowace damina a sayi sabo. Masarar da ba mai aure ba ana iya ajiye irinta shekara biyu zuwa uku, muddin an zaɓi zangarniya daga tsakiyar gona, nesa da masarar maƙwabci. Wake da gyaɗa sun fi sauƙin ajiya. Tun a shago ka tambayi dillali wanne ne a hannunsa, in ya yi inda-inda ka nufi shagon gaba.