Makomar Takardun Gwamnati a Ɗakunan Karatu

A shekarar 1964 aka kafa Babban Ɗakin Karatu na Nijeriya. Sa'an nan a 1970 aka yi masa doka wadda ta wajabta wa duk mai buga littafi ya kai kwafe 3 ajiya. Gwamnatin Jiha kuwa 10 za ta kai daga kowace takarda da ta buga, Gwamnatin Tarayya 25. Manufa ita ce kada wata doka, ko kasafin kuɗi, ko sanarwa ta salwanta, kuma mai neman hujja ya san inda zai nufa.

To, ga shi zamani ya juya. Yawancin sanarwar hukuma yanzu a intanet take fara fita. Ɗan kasuwa mai son rajistar sunan kasuwancinsa ta kwamfuta ko waya zai nema. Sababbin dokokin haraji da aka sa wa hannu a watan Yuni na 2025, su ma a can mutane da yawa suka fara ganinsu. Lalle akwai sauƙi, domin mutumin Nguru ko na Illela ba sai ya ɗauki guzurin Abuja ba.

Amma fa akwai haɗari biyu. Na farko, shafin intanet ba shi da tabbas. Abin da aka sa yau ana iya sake shi gobe, ko a shafe shi ɗungum, ba wanda ya sani. Malamai sun san hukuncin littafin da kwafensa ɗaya ne tak: gara ko gobara ta isa ta gama da shi. Shi ya sa magabata suke kwafa, su rubuta suna da ranar gamawa a ƙarshe. Haka ya kamata ɗakin karatu ya yi wa takardun intanet, ya ajiye kwafe tare da ranar fitarsa, don in gardama ta taso tsakanin attajiri da mai karɓar haraji a sami abin dubawa. Tun ran gini, ran zane.

Na biyu shi ne harshe. Takardun nan da Turanci suke, Turancin ma na lauyoyi. A shekarun 1950 Gwamnatin Arewa takan buga jaridun larduna da Hausa, har da ajami, don labari ya kai kasuwa da tsangaya. Yau wanda bai yi boko ba sai ya biya wani yaro ya duba masa abin da hakkinsa ne ya sani kyauta, kuma ba ya iya tantance gaskiyar abin da aka faɗa masa.

Dokar 'yancin neman bayani ta 2011 ta ba kowa ikon tambayar ma'aikatar Gwamnatin Tarayya, kuma ta ɗora mata ba da amsa cikin kwana 7. Amma wanda bai san da doka ba, yaya zai ci moriyarta?

Saboda haka aikin ma'aikacin ɗakin karatu ƙaruwa ya yi. Shi ne ma'aji, shi ne kuma tafinta. Abin da ya rage ga Gwamnatocin Jihohi shi ne su ba ɗakunan nan wuta da kwamfuta, da ma'aikatan da suka iya Hausa da ajami. Malamai da shugabannin kasuwa kuwa su riƙa zuwa suna tambaya, domin ɗakin da ba a shiga shi ake fara rufewa.