Bulalar da Jiki Ba Ya Mantawa

A matsayina na ɗalibin harshe, na daɗe ina juya kalmar "horo" a raina. Da ita muke kiran koya wa yaro sana'a, da ita kuma muke kiran dukan da zai bar masa tabo a gadon baya. Tunda kalma guda ta haɗa tarbiyya da azaba, da wuya mai dukan ya ga laifinsa. In an yi magana sai ya ce, "Yaro ne, zai manta."

Ban yarda ba. Shekarun baya wani ɗalibina, magidanci mai 'ya'ya uku, ya kawo mini aikin bincikensa ofis. Na ɗaga hannu zan ɗauko littafi a kanta, sai kawai na ga ya kare fuskarsa, gumi ya keto masa. Daga baya ya shaida mini cewa a gidan riƙo ya tashi, inda wayar lantarki ce bulala, kuma tun bai cika shekara 35 ba yake shan maganin hawan jini.

Likitoci suna da bayanin wannan. Idan tsoro ya zo, ƙwaƙwalwa takan umarci jiki ya saki sinadarai irin su kotisol, zuciya ta ƙara bugu domin gudu ko kare kai. Da hatsarin ya wuce sai komai ya lafa. To, yaron da hatsarinsa ke kwana gida ɗaya da shi, yaushe zai lafa? Jikinsa yakan saba da zaman ɗar-ɗar har girma.

A 1998 Vincent Felitti da Robert Anda suka fara wallafa sakamakon binciken da ya shafi manya fiye da 17,000 a birnin San Diyego na Amurka. Waɗanda suka sha nau'i huɗu ko fiye na ƙuncin ƙuruciya, hatsarin ciwon damuwa ya ninka musu fiye da sau 4, na yunƙurin kashe kai sau 12, na ciwon zuciya sau 2. A gida kuwa, binciken Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa na 2014 ya nuna yara 6 cikin 10 a Nijeriya sun fuskanci wani nau'in cin zarafi kafin su cika shekara 18.

Duk da haka, a asibiti gishiri da maiƙo ake tambayar mai hawan jini, ba yadda ya tashi ba. Mai damuwa kuwa, "ka yi haƙuri" muke ba shi.

Ɗalibin nawa ya kammala, yana ma koyarwa. Har yau in ya kawo mini ziyara, kujerar bakin ƙofa yake zaɓa.