Idan Tikitin Shiga Wurin Tarihi Ya Ɓata, Me Za Mu Yi?

A wannan fitowa ta mujallarmu ta bango za mu yi bayani a kan wata 'yar takarda da ba ta kai tafin hannu ba, amma tana iya hana mutum ganin abin da ya yi doguwar tafiya dominsa. Wannan takarda ita ce tikitin shiga wuraren tarihi.

Mun zaɓi wannan batu ne saboda makarantu da yawa kan kai ɗalibai yawon buɗe ido a ƙarshen zango. Iyayenmu ne ke biyan kuɗin mota da na shiga, wasu ma sai sun sayar da kaza ko tiya biyu ta gero kafin kuɗin su haɗu. A ce an tashi daga Taura tun da asuba, an bi ta Ringim an isa Kano, sai a bakin ƙofa ɗalibi ya laluba aljihu ya ji wayam. Abokansa sun shige, shi yana tsaye a rana. Ga asarar kuɗi, ga kunya, ga darasin da ya wuce shi. Shi ya sa ya kamata mu san abin yi tun kafin hakan ta faru.

Mene ne aikin tikiti?

Tikiti yana da aiki uku. Na farko, shi ne shaidar cewa ka biya. Na biyu, da shi hukuma ke ƙirga mutanen da suka shiga a rana. Na uku, da shi ake bin sawun kuɗin da aka karɓa, don kada su salwanta a hannun wani, tunda wurin tarihi yana buƙatar shara da gyara da masu gadi. Saboda haka idan mai tsaron ƙofa ya ce sai ya ga tikiti, aikin da aka sa shi yake yi, kuma shi ma akwai wanda zai tambaye shi lissafi da yamma.

Mu da muke kusa da kasuwar Gujungu mun san irin wannan. Wanda ya sayi sa ko rago ranar Lahadi yakan karɓi rasit, domin idan aka tare shi a hanya da dabbar ya nuna cewa sayenta ya yi. Tikiti ma haka yake.

Tikiti iri biyu ne

Akwai tikiti mai suna, akwai kuma marar suna. Mai suna yana ɗauke da sunan mai shi da lambar katin shaidarsa, kuma an adana bayanin a kwamfuta. Idan takardar ta ɓata, bayanin yana nan, ana iya sake buga wata. Wanda ya tsinci ta farko ba za ta yi masa amfani ba, domin sunansa daban ne.

Marar suna kuwa lamba kawai gare shi da hatimi. Kamar takardar kuɗi yake: duk wanda ya riƙe shi, nasa ne. Idan ya ɓata, da wuya ka tabbatar cewa kai ne ka saya, sai fa idan ka riƙe lambarsa ko kana da shaidu. Abu na farko da za mu duba idan an miƙo mana tikiti shi ne, wane iri ne daga cikin biyun nan?

Misalin Macu Picu

Bari mu fara da wurin da dokar tikitinsa ta yi suna a duniya wajen tsauri. Macu Picu tsohon gari ne na ƙabilar Inka a ƙasar Peru, a Kudancin Amurka. An gina shi a wajajen shekarar 1450, a zamanin wani sarkinsu mai suna Pacakuti, a kan tsaunukan Andis, kimanin mita 2,430 sama da teku. Ma'anar sunan a harshensu ita ce tsohon tsauni. Magina sun sassaƙa manyan duwatsu sun jera su ba tare da laka ba, amma suka zauna daram, sannan suka yi gonaki hawa-hawa kamar matakala a jikin tsaunin. Kimanin shekara ɗari bayan gina shi mutanen suka watse. Turawan Sifen da suka ci ƙasar da yaƙi ba su kai gare shi ba, shi ya sa bai rushe ba. A 1911 wani malamin tarihi Ba'amurke mai suna Hiram Bingham ya je wurin tare da jagorancin manoman yankin, daga nan labarinsa ya bazu. A 1983 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin kayan tarihi na duniya.

Da baƙi suka yi yawa, sai aka ga sawun ƙafafu yana cinye duwatsu da hanyoyin garin. Don haka gwamnatin Peru ta ƙayyade adadin masu shiga. A 2024 adadin shi ne mutum 4,500 a rana, yana kaiwa 5,600 a lokacin cunkoso. Kowane tikiti yana ɗauke da sunan mai shi, da lambar fasfonsa, da ranar shiga, da sa'ar shiga, har da hanyar da zai bi a ciki. A ƙofa ana haɗa tikiti da fasfo a duba. Tikitin wasu watanni yakan ƙare tun da sauran makonni, ma'ana wanda ya rasa damarsa ba lalle ne ya sami wata washegari ba, alhali ya biya kuɗin jirgin sama zuwa birnin Kusko da na jirgin ƙasa zuwa gindin tsaunin.

To, yaya wanda ya ɓatar da tikitinsa a can zai yi? Tunda yawancin baƙi ta intanet suke saye, sai ya buɗe saƙon imel ɗin da aka aiko masa ya sake buga takardar. Idan kamfanin yawon buɗe ido ne ya saya masa, ya kira su su turo masa kwafi. Idan duk wannan bai yiwu ba, ma'aikatar al'adu ta ƙasar tana da ofis a Kusko da kuma Aguwas Kaliyantes, ɗan garin da ke gindin tsaunin, sai ya je da fasfonsa da lambar sayen tikitin. Abin lura a nan shi ne, ɓatan fasfo ya fi ɓatan tikiti muni, domin ba a shiga da tikiti shi kaɗai, kuma samun wani fasfon sai an je wurin 'yan sanda da ofishin jakadanci.

Namu na gida

Wani zai ce ina mu ina Peru? Gaskiya ne da nisa, amma mu ma muna da wuraren da suka isa a je a gani. A Kano akwai Gidan Makama, wanda aka gina a ƙarni na 15, wato ƙarni ɗaya da Macu Picu. Tarihinsa yana haɗe da Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Yanzu gidan adana kayan tarihi ne, inda ake ganin tsofaffin ƙyamaren ƙofofin birni da kayan yaƙi da hotunan da. A nan jiharmu ta Jigawa kuma akwai duwatsun Birnin Kudu, irin su Dutsen Habude da Dutsen Mesa, inda mutanen da suka zana shanu a jikin dutse. Akwai ma duwatsun da idan aka buga su suke ƙara kamar ƙararrawa. Hukumar kula da gidajen tarihi da kayan tarihi ta ƙasa, wadda aka kafa a 1979, ita ke kula da waɗannan wurare.

A irin wurarenmu galibi a bakin ƙofa ake biya, a ba mutum tikiti ko rasit marar suna. Sau da yawa daga littafi ake yago shi, ɓari ɗaya a ba ka, ɗaya ɓarin mai lamba iri ɗaya ya rage a littafin. Wannan ɓarin da ya rage shi ne madogararmu idan namu ya ɓata. Bambancin kawai shi ne a Peru kwamfuta ce ke riƙe da bayanin, a nan kuma littafi ne.

Matakai shida idan ya ɓata

1. Mu natsu mu sake dubawa. Aljihun riga da na wando, cikin littafin rubutu, ƙasan jaka, ledar abinci, cikin hijabi, da kujerar da muka zauna a mota. Takarda ƙarama takan maƙale inda ba a zata ba.

2. Mu gaya wa malamin da ya jagorance mu nan take. Ɓoyewa saboda tsoron faɗa yana ƙara dagula al'amari. Idan aka faɗa da wuri, wanda ya sayar da tikitin bai manta da fuskokinmu ba, kuma bai tashi daga aiki ba.

3. Mu nemo lambar. Idan an sayi tikitin aji gaba ɗaya, lambobin a jere suke. Misali, idan na gabanka yana da 41, na bayanka yana da 43, to naka 42 ne. Malam zai iya nuna wannan ga mai sayarwa, shi kuma ya duba littafinsa.

4. Mu je wurin ma'aikaci da ladabi, tare da malam. Ana iya cewa: "Sannu da aiki, Baba. Mu ɗalibai ne daga Taura. Mun biya tare da 'yan ajinmu, amma nawa tikitin ya faɗi. Ga lambarsa, don Allah a taimaka a duba mana." Idan ya ce ba shi da ikon yanke hukunci, sai malam ya nemi ganin shugaban wurin.

5. Mu karɓi hukuncin da aka yanke. Wani wurin za a duba a bar mutum ya shiga. Wani wurin doka ta ce sai an sake biya, kuma suna da hujja, domin mai yiwuwa wani ya tsinci tikitin ya shiga da shi. Idan an sake biya, a karɓi sabon rasit.

6. Kada a bar ɗalibi shi kaɗai a waje. Ko da ba a daidaita ba, malami ɗaya ya tsaya tare da shi, musamman a babban gari kamar Kano inda yaro baƙo zai iya ɓata.

Abubuwan da ba za mu yi ba

Kada mu saje cikin taro mu shige a ɓoye, kuma kada mu tsallaka katanga ko mu zagaya ta bayan dutse. Ban da haɗarin faɗuwa, idan aka kama ɗalibi ɗaya sunan makarantar gaba ɗaya ne zai ɓaci, har a ƙi karɓar ƙannenmu baɗi. Kada aboki ya shiga sannan ya miƙo tikitinsa ta taga, wannan ha'inci ne. Kada mu sayi tikiti a hannun wanda ya tare mu a hanya yana cewa zai yi mana sauƙi, domin yana iya zama na jabu ko wanda aka riga aka yi amfani da shi. Haka kuma kada mu ba mai gadi na goro don ya kau da kai. Kuɗin da ba a rubuta a rasit ba, ba za su gyara bangon Gidan Makama ba. Idan kuma mu ne muka tsinci tikitin wani, mu kai shi wurin mai tsaron ƙofa, wataƙila mai shi yana can yana kuka.

Rigakafi ya fi magani

Ga shawararmu ga duk ajin da zai yi tafiya. Tun kafin ranar, makaranta ta rubuta wa hukumar wurin wasiƙa, ta faɗi ranar zuwa da yawan ɗalibai, kuma malam ya riƙe kwafinta. A tafi da jerin sunayen ɗalibai. Idan zai yiwu a biya kuɗin a dunƙule a karɓi rasit ɗaya, ya zauna a hannun malam. Idan kuwa kowa aka ba shi nasa, to malam ya ɗauki hotonsu da waya, ko shugaban aji ya rubuta lambar kowa a gaban sunansa. Wannan aikin minti biyar ne kacal.

Mu kuma ɗalibai, da an ba mu tikiti mu rubuta sunanmu da ajinmu a bayansa da biro. Da haka marar suna ya zama mai suna. Mu sa shi a wuri ɗaya da muka sani, kamar aljihu mai zif ko cikin jakar katin shaidar makaranta, ba tare da kuɗin kashewa ba, domin wajen ciro kuɗin sayen ruwa ko rake ne yakan faɗi. Kada mu yar da shi bayan mun shiga, ana iya neman sa a ciki ko wajen fita. Yana da kyau kuma kwamitin tafiya ya ware ɗan abin da zai isa kuɗin shigar mutum biyu ko uku saboda tsautsayi.

Wannan ɗabi'a za ta yi mana amfani har a wasu wuraren. Yayyenmu 'yan aji uku suna da katin jarrabawa da za su riƙe, kuma masu rubuta JAMB sun san cewa da lambar rajista ake sake buga takardar jarrabawa idan ta ɓata. Wanda ya saba rubuta lambar takardunsa a bayan littafi tun yanzu, ba zai sha wahala ba a gaba.

Muna roƙon malamanmu su duba yiwuwar kai mu Birnin Kudu mu ga zanen shanun nan da idonmu, tunda gani ya kori ji. Idan Allah ya nufa aka tafi, kowa ya tafi da bironsa. Allah ya kai mu lafiya, ya dawo da mu lafiya, amin.

Daga Kulob ɗin 'Yan Jarida, ɓangaren ƙaramar sakandare.