Kafin Ka Kira Dillali, Kira Magini

A Daudawa da sauran garuruwan Faskari, Ƙanƙara da Sabuwa, matsalar tsaro ta sa mutane da dama sun rufe gidajensu sun koma Funtuwa ko Zariya. Wasu kan yanke shawarar sayarwa bayan gidan ya sha damina biyu ko uku babu kowa ciki. Gidan da ba a kwana cikinsa kuwa saurin lalacewa gare shi.

Mun saba mai saye ne ke zagayawa yana ƙwanƙwasa bango. Amma mai sayarwa ya fi kowa buƙatar sanin halin da gidansa ke ciki. A Amurka akwai masu sana'ar duba gida, su rubuta rahoto kafin a sa shi kasuwa. Mu a nan magini da kafinta da mai gyaran wuta sun isa.

Magini ya duba gindin katanga, inda ruwa ke kwanciya, ya bambance tsagewar yaɓe da wadda ta taso daga tushe. Kafinta ya hau rufi ya ga ko gara ta cinye katako ko azara, ko kwano ya yi tsatsa. A dubi indararo, a ga tazarar da ke tsakanin masai da rijiya. Watan Agusta ya fi dacewa da wannan aiki, domin ruwan sama ba ya rufa wa rufi asiri.

Sai takardu. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon bayar da shaidar mallaka a karkara, gwamna kuma a birane. In gidan gado ne, a tabbatar kowane magaji ya amince, a gaban shaidu da mai unguwa.

Me ya sa mutum zai tona aibin kayansa? Domin a fiƙihun Malikiyya, aibin da aka ɓoye yana iya sa alƙali ya rage kuɗin gida, in kuma babba ne a warware cinikin ɗungurungum. Abin da aka nuna wa mai saye ya gani ya yarda kuwa, ba ya dawowa da shi kotu.

Wanda ya san aibin gidansa zaɓi biyu gare shi: ya gyara, ko ya faɗa ya sassauta farashi. Wanda ya shafe tsaga da fenti, damina mai zuwa ce za ta ba da shaida a kansa.