Faratan Kyanwa da Kayan Ɗaki: Yadda Za Mu Tsare Kaya, Mu Kuma Riƙe Kyanwa

Ya ku manoma da matan gida, akwai wani kuka da mu kan ji a ƙauyukan ƙasar Haɗeja, tun daga Auyo da Kafin Hausa har Guri da Kirikasamma. Kukan kuwa na kyanwa ne. An ce ta yayyaga katifa, ta farke kushin ɗin kujera, ta huda gidan sauro, ta tsefe tabarma. Abin ya fi ciwo idan kayan ɗakin amarya ne, waɗanda iyaye suka yi shekaru suna tarawa. Sai uwargida ta ce lalle a kori kyanwar, maigida ya sa ta a buhu ya kai ta bakin kogi ya yar. Bayan wata biyu kuwa, ɓeraye sun mai da rumbu gidansu.

Abin da mu ke so mu nuna a nan shi ne, ana iya tsare kayan ɗaki ba tare da an kori kyanwa ba. Abu ne mai sauƙi, ba ya kuma cin kuɗi.

Don me za mu riƙe kyanwa?

Ƙasarmu ƙasar fadama ce. Muna da shinkafa da alkama da gero da wake, ga kuma bandar kifi daga Kogin Haɗeja. Duk inda abinci ya taru haka, ɓera ya samu gari. Cikin ɓera wajen mako 3 ne kawai, ya kan kuma haifi 'ya'ya da yawa a lokaci guda. Sa'ad da ruwa ya yi ambaliya, kamar yadda aka gani a Jihar Jigawa a 2020 da 2022, ramukan ɓeraye su kan cika da ruwa, sai su gudo kan tudu, watau cikin gidajenmu.

Ɓarnar ɓera ba ta tsaya ga hatsi ba. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a garin Lassa na ƙasar Borno a 1969, wani irin ɓera ne ke yaɗa shi ta fitsarinsa da kashinsa a kan abinci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa ajiye kyanwa cikin hanyoyin rage ɓeraye a gida, tare da rufe hatsi da kai shara nesa. Domin wannan, wanda ya kori kyanwa saboda kujera ya yi hasara biyu. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Me ke sa kyanwa karce-karce?

Ba mugunta ba ce, ba kuwa rashin kunya ba. Dalili uku ne.

Na fari, gyaran farce. Kyanwa tana da farata 18, biyar-biyar a ƙafafun gaba, huɗu-huɗu a na baya. Farcenta hawa-hawa ya ke girma kamar albasa. Idan na waje ya tsufa ya dushe, sai ta karci abu mai kaushi don ya kwaɓe, sabo mai tsini ya fito. Ɗan ɓawon farcen da ku kan tsinta a gindin kujera, shi ke nan.

Na biyu, sa alama. Akwai wani wari da ke fitowa daga tafin ƙafarta, mutum ba ya jinsa, amma kowace kyanwa tana ji. Da shi ta ke gaya wa muzurun maƙwabta cewa wurin nan da mai shi. Shi ya sa ta kan koma wuri guda kullum.

Na uku, miƙa. Kyanwa ta kan yi barcin awa 12 ko fiye a yini da dare. Da ta farka sai ta kafa farata a jikin wani abu ta ja jikinta, kamar yadda manomi kan yi miƙa da asuba.

Tun da haka halittarta ta ke, ba mai iya hana ta. Abin da za mu iya shi ne mu zaɓa mata wurin da za ta yi.

A yi mata icenta

1. A sami guntun icen darbejiya ko na mangwaro, mai kaurin cinyar mutum, da ɓawonsa. Tsawonsa a bisa ƙasa ya kai ƙafa 3, domin kyanwa ta iya tsayawa ta miƙe sarai. Gajeren ice ba ya yi mata.

2. A kafa shi da ƙarfi kamar turken akuya. Idan daɓen siminti ne, a buga shi da ƙusa a kan faffaɗan katako, a danne da dutse. Icen da ke rawa, kyanwa ba ta sake komawa kansa.

3. Idan icen sumul ne, a naɗe shi da igiyar rama ko ta kaba, a matse ƙwarai, ko a lulluɓe shi da tsohon buhun ashasha. Kada a sa irin yadin da ke jikin kujerarku, don kada ta ɗauka duk ɗaya ne.

4. A kafa shi daura da abin da ta saba karta, ko kusa da inda ta ke kwana. Kada a kai shi bayan gida inda ba ta zuwa. Bayan ta saba, a iya riƙa matsar da shi kaɗan-kaɗan zuwa inda a ke so.

5. A lura da halinta. Wadda ke tsefe tabarma ta fi son karta a kwance. Ita sai a ba ta tsohuwar tabarmar kaba, ko kwali mai kauri, ko guntun ice a kwance.

6. A ja hankalinta. A ɗaura gashin kaza da zare a saman icen. Duk sa'ad da ta karce shi, a ba ta ɗan kan kifi nan take. A nan ne yara za su taimaka ƙwarai.

A tsare kayan

Kujera da katifa: A wanke wurin da ta karta da ruwa da sabulu don warinta ya fita, in ba haka ba za ta komo. Sa'an nan a rufe wurin da leda mai kauri har mako 2 ko 3, gama farcenta ba ya kama abu mai santsi. Kyanwa ba ta son warin ɓawon lemun tsami ko na lemun zaƙi, sai a ajiye shi a gindin kujera, a riƙa sakewa. Ɗakin da ba kowa a ciki, a ja ƙyaure. Kada kuma a bar kifi ko nama a kan kujera ko gado. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Tabarma: A naɗe ta a jingine, ko a rataye, da zarar an tashi.

Gidan sauro: A ɗage shi sama kowace safiya. Gefen da ke lilo shi ke kiran kyanwa wasa. Mu da ke zaune kusa da ruwa mun san sauro, ƙofa ɗaya ta ishe shi ya kai wa yaro zazzaɓin cizon sauro. Idan ya huje, a ɗinke ran nan.

Buhunan hatsi: Wannan shi ya fi muhimmanci. Da yawa cikinmu muna ajiye wake a buhun PICS, wanda masanan Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙago, aka fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma a 2007. Buhu uku ne a haɗe, leda biyu a ciki da saƙaƙƙen buhu a waje, rashin iska ne ke kashe ƙwarin da ke ciki. Idan farce ya huda ledar, iska ta shiga, aikin buhun ya lalace. Saboda haka a ɗora buhunan a kan katako, a rufe su da tsohuwar tabarma ko tamfol, a kafa wa kyanwa ice a bakin ƙofar ɗakin ajiya. Ta yi gadinta, buhu ya zauna lafiya.

Abubuwan da ba za a yi ba

Kada a doke ta. Ba ta san dalilin dukan ba, sai dai ta koyi jin tsoron mutane, ta riƙa ɓarnarta a ɓoye. Idan an kama ta tana cikin yi, a tafa hannu da ƙarfi, a ɗauke ta a kai ta wurin icenta.

Kada a zare mata farata, kada kuma a ƙona su. Farcen kyanwa daga ƙashin yatsa ya ke fitowa, cire shi daidai ya ke da yanke wa mutum gaɓar ƙarshe ta yatsa. Ingila da ƙasashen Turai da dama sun hana yin haka, Jihar Niyok ta Amurka ma ta hana a 2019. Kyanwar da ba farce, kama ɓera ya kan yi mata wuya, haka ma hawa itace don ta tsere wa kare. Idan farcen tsohuwar kyanwa ya yi zaƙo-zaƙo, a iya rage ɗan tsinin kawai, kada a kai wurin da ya yi ja, gama nan ne jini ya ke.

Kada a fesa maganin ƙwari na gona a kan kujera don a kore ta. Wasu magungunan, har da na kaskar karnuka, su kan kashe kyanwa, ga kuma yara suna zama a wurin.

Kada yara su yi wasa da 'yar kyanwa da yatsunsu, gama za ta saba yaƙushin mutum. Su yi da zare ko kara. Ice tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Idan kyanwa ta yaƙushi mutum, a wanke wurin da ruwa da sabulu nan da nan. Idan baƙuwar kyanwa ce, ko wadda halinta ya sake, a wanke har minti 15, a kuma tafi asibiti ran nan saboda ciwon haukan kare, domin kyanwa ma ta kan ɗauke shi.

Lokacin da ya fi dacewa a yi wannan aiki shi ne kafin kaka, tun hatsi bai shigo gida ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Maigida ya sare ice ya kafa, uwargida ta rufe kujeru, yara su koya wa kyanwa. Wanda ya gwada ya ga amfani, ya nuna wa maƙwabcinsa. Wanda kuwa ya ke da tambaya, ya tuntuɓi malamin gona ko malamin dabbobi na yankinsu.