Amanar Lafazi Tsakanin Matuƙin Jirgi da Mai Hasumiya

Duk wanda ya taɓa durƙusawa gaban malami a zaure domin ɗaukar karatu ya san cewa malam ba ya sallamar almajiri don kurum ya gyaɗa kai, sai dai ya biya masa, almajiri ya mayar da abin da ya ji harafi bayan harafi, shi kuma malam ya kasa kunne ga wannan mayarwa, domin idan wasali ɗaya ya karkace a bakin yaro aka ƙyale shi, to, da karkataccen zai girma, da shi kuma zai karantar da na bayansa. Wannan tsohuwar ƙa'ida, wadda malaman hadisi suka gina ingancin riwaya a kanta, ita ce a yau take riƙe da rayukan dubban mutanen da ke ratsa sararin samaniya dare da rana, alhali kuwa galibinsu ba su san da ita ba.

Alhajin da ya shiga jirgi a Kano ya nufi Jidda, idan ya leƙa ta taga ya ga sarari fetal ba iyaka, zai yi zaton matuƙi yana da ikon hawa ko sauka yadda ya ga dama, amma haƙiƙanin al'amari shi ne an yanyanka sararin nan hawa-hawa kamar bene, kowane jirgi da hawansa, kuma tsakanin na sama da na ƙasa sau da yawa ƙafa 1,000 ce kacal. Wanda ya fuskanci gabas ana ba shi hawa mai mara, kamar ƙafa 35,000 ko 37,000, wanda ya fuskanci yamma a ba shi mai cika, kamar 34,000 ko 36,000. Mai rabon hawan nan wani ma'aikaci ne da ke zaune a ƙasa, wanda jama'a suka fi sani da mai hasumiya, ko da yake da yawansu a ɗaki mai duhu suke gaban allon rada, ba sa ganin jirgin da ido. Kafin alhajin nan ya sauka, jirginsa zai wuce ta hannun ma'aikata da dama, wani da Faransanci ya yi karatu, wani Larabci ne harshen uwarsa, amma dukansu da Ingilishi za su yi magana da matuƙin, ta wayar iska mai ƙara da shaƙewa.

Sharaɗin maganar uku ne: mai hasumiya ya ba da izini, matuƙi ya mayar masa da lambar da ya ji tare da sunan jirginsa, sa'an nan mai hasumiya ya saurari mayarwar ya tabbatar ta dace da abin da ya faɗa. Rukuni na uku shi ne wanda aka fi sakaci da shi, kuma a nan ne musiba ta sha samun ƙofa.

A ranar 19 ga Fabrairu, 1989, da asuba, wani jirgin dakon kaya ƙirar Boeing 747 na kamfanin Flying Tiger ya taso daga Singafo ya doshi Kuala Lumpur ta ƙasar Malesiya da mutum huɗu a ciki. Da ya kusato, mai hasumiya ya umarce shi ya sauko zuwa ƙafa 2,400, sai dai ya furta lambar ɗaiɗai, biyu, huɗu, sifiri, sifiri, ba tare da ya ambaci dubu ko ɗari ba. To, a harshen Ingilishi kalmar da ke nufin biyu da wadda ke nufin "zuwa" lafazinsu ɗaya ne, duka "tu" ake cewa, saboda haka abin da ya shiga kunnen kyaftin shi ne ya sauko zuwa huɗu, sifiri, sifiri, wato ƙafa 400. Ya mayar da lambar kamar yadda ya fahimce ta, lambobi uku maimakon huɗu, mai hasumiya bai gyara masa ba. Jirgi ya yi ta gangarowa, na'urar da ke gargaɗin kusantar ƙasa ta yi ta kuka, ba wanda ya ja shi sama, har ya daki wani tudu kafin ya kai filin, duka huɗun suka riga mu gidan gaskiya.

Kada Bahaushe ya yi wa Ingilishi dariya a kan wannan, gama namu harshen ma cike yake da irin wannan shubuha: gari na mutane da gari na tuwo rubutunsu ɗaya, jan wasali kaɗai ya raba su, kuma da za a faɗe su ta waya mai ƙara ga mutumin da ya kwana bai runtsa ba, lalle wata rana za a aiki yaro gari ya komo da gari. Abin da ya fi ba ni tsoro a ƙissar nan shi ne ƙafa 400 ba hawan da za a ba jirgi ba ne a wannan nisa daga fili, kuma taswirar sauka ta nuna 2,400 ƙarara, amma ba a yi nazarinta yadda ya kamata ba. Kunnen ɗan Adam yana da wata illa, cewa abin da zuciya ta riga ta sa rai da shi ko ta gamsu da shi, shi yake ji. Shi ma mai hasumiya, da yake ya san abin da ya faɗa, sai kunnensa ya cike masa gurbin lambar da ta ɓace.

Musibar da ta fi wannan muni ta auku a Indiya ranar 12 ga Nuwamba, 1996, bayan faɗuwar rana, a saman wani gari da ake kira Charkhi Dadri, kimanin kilomita 100 yamma da Delhi. Jirgin Saudiyya, shi ma Boeing 747, ya tashi daga Delhi zuwa Dahran ɗauke da mutum 312, akasarinsu talakawa masu tafiya neman abinci, aka ba shi izinin hawa zuwa ƙafa 14,000 ya tsaya nan. A kan wannan hanya ɗaya kuma wani jirgin Kazakistan ƙirar Ilyushin 76, mai mutum 37, yana tahowa domin sauka, aka ce ya tsaya a 15,000. Mai hasumiya ya sanar da na Kazakistan cewa akwai jirgi a gabansa a hawa na 14,000, ya sa ido. Amma a jirgin Kazakistan ba matuƙan ne ke amsa waya ba, akwai ma'aikaci na musamman da ke karɓar magana ya isar musu, ga shi Ingilishin matuƙan mai rauni ne, wato isnadin ya sami ƙarin mutum ɗaya a tsakiya. Kwamitin bincike a ƙarƙashin Mai Shari'a Lahoti ya karkata ga cewa sun ɗauki lambar da aka ambata game da jirgin Saudiyya a matsayin nasu izini. Suka bar hawansu suka gangaro cikin gajimare, kuma a lokacin da mai wayar ya farga ya yi musu tsawa su hau, bakin alƙalami ya riga ya bushe. Mutum 349 suka halaka, ba a taɓa samun karon jirage a sama da ya ci rayuka kamar wannan ba.

Hausawa na cewa gani ya kori ji, kuma a nan ne aka ga gaskiyarsu, domin radar da Delhi ke da ita a lokacin tana nuna inda jirgi yake amma ba ta nuna hawansa, saboda haka mai hasumiya ba shi da hujja sai abin da aka gaya masa. Bayan haka Indiya ta kafa rada mai karanta hawan jirgi, ta raba hanyar masu tashi da ta masu sauka, ta kuma wajabta wa jirage ɗaukar na'urar da ke hango jirgi ɗan'uwansa ta umarci ɗaya ya hau, ɗaya ya sauka.

Hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, wadda aka aza harsashinta a taron Chicago na 1944, mazauninta kuma yana Montreal ta Kanada, ta ɗauki mas'alar harshe da muhimmanci, ta kasa ƙwarewar Ingilishi daraja shida, ta hukunta cewa daga 2008 matuƙi ko mai hasumiya da ke aiki tsakanin ƙasashe sai ya kai daraja ta huɗu, ko da yake an ƙara wa ƙasashe wa'adi zuwa 2011. Akwai kuma wani irin tajwidi da ake koya musu, inda ake sauya furucin wasu lambobi da gangan, a ce "naina" ga tara domin kada ta rikice da biyar, a ambaci dubu da ɗari a fili idan ana maganar ƙafa. A Ingila, da aka lura hawa na ɗaya-sifiri-sifiri da na ɗaya-ɗaya-sifiri suna yawan shiga juna, sai aka ce na farkon a kira shi hawa na ɗari. A kan teku da wasu manyan hanyoyi kuwa izinin yakan zo a rubuce a kan allo, a karanta a danna amincewa.

Na'ura ita ma ta zo da tata mas'alar. A daren 1 ga Yuli, 2002, a saman Überlingen ta kudancin Jamus, na'urar wani jirgin Rasha ta ce ya hau, mai hasumiya na Zurich ya ce ya sauka, matuƙan suka bi mutum suka bar na'ura, alhali ɗaya jirgin yana sauka bisa umarnin tasa na'urar. Mutum 71 suka rasu, da yawansu yara 'yan makaranta. Tun daga nan aka yanke hukunci ba tare da saɓani ba cewa idan umarnin na'ura ya saɓa wa na mai hasumiya, na'urar ake bi, a sanar da mai hasumiya daga baya.

A cikin ɗakin tuƙi kuwa, yau a kamfanoni da yawa, idan izini ya zo, ɗaya matuƙin yakan mayar da lambar ta waya, a murɗa ta a wata ƙaramar taga da ke gabansu, wanda ya murɗa ya ɗora yatsa a kanta bai ɗauke ba, har sai ɗan'uwansa ya duba ya furta ta da bakinsa. Idan kuwa abin da ɗaya ya ji ya saɓa wa na ɗaya, ba a yin musu ko rinjaye da girman muƙami, sai a sake kiran hasumiya a ce ta maimaita.